Kekena a Bangon Gidan Burkutu

A Kafanchan ba sai an ga mutum ake sanin inda ya shiga ba, kekensa ake dubawa. Ka jingine shi a ƙofar asibiti, kafin ka fito an gaya wa uwarka ba ka da lafiya. Ka jingine shi a ƙofar gidan budurwa, 'yan zumuntar mata sun fara shawarar anko. Ni ma haka nake yi wa mutane, ba zan wanke kaina ba. Amma ban taɓa kawowa a raina za a dubi nawa keken a ƙulla mini abin da ban ji ba ban gani ba.

Sunana Gershon. A daminar casa'in da ɗaya ina aiki a siton busasshiyar citta na wani ɗan kasuwa Ibo, Oga Dozie, a bayan kasuwa. Ni ne mai awo, ni ne mai gadi, ni ne mai shara, domin shi oga yawancin mako yana Kachia wajen saye. Kowace safiya daga Takau nake tasowa a kan baƙin kekena Rali, in ɗaure ƙafar wando da roba, in bi gefen layin dogo ina kauce wa ramuka da awaki da matan da ke shigo da itace. In jirgin kaya ya tare hanya sai mu 'yan keke mu taru, ƙafa ɗaya a ƙasa, ana gaisawa ana zagin tsadar taya. Kowa ya san kekena, kuma ni na jawo. Ni da ƙafata na je wajen mai fenti ya rubuta mini YESU MAI CETO da rawaya, ɓaro-ɓaro, a marfin sarƙa.

Oga ya hana ajiye keke a ƙofar sito tun ranar da wata babbar mota ta ja da baya ta murƙushe na wani. Don haka wajen Hussaini mai gyaran keke nake barinsa, a gindin mangwaro kusa da inda titi ya tsallake layin dogo, in ƙarasa da ƙafa. Makullin ma a hannunsa nake bari, in hadari ya taso ya tura mini shi ƙarƙashin rumfa. Mun daɗe da Hussaini. Ko rikicin tamanin da bakwai, da ya raba mutane da yawa a garin nan, bai hana ni kai masa faci ba.

A lokacin aurena da Hellen ya matso. Ita ce autar Baba Kumai, dattijon ikilisiyarmu, mutumin da ke riƙe da makullin majami'a tun ina ɗan ajin Lahadi. Na yi noma a gonarsa, an kai akuya, an kai duk abin da al'ada ta ce. Abu ɗaya ya rage, Fasto ya yi sanarwa a gaban jama'a, a sa rana bayan kaka. Ina son Hellen, so na gaske, irin wanda ke sa mutum ya wuce kwanar gidansu bai sani ba.

Keken ne ya fara ba ni mamaki. Wata yamma na hau sai na ji gwiwata na neman dukan haɓata, sirdi ya sauka. Na ɗaga na ɗaure, washegari ya sake sauka. Na ce ƙusa ce ta ci. Sai kuma jan laka a taya, alhali hanyata baƙar ƙasa ce da kwalta. Wata rana kuma na shafa kariya, wurin ɗaura kaya na baya, na ji maiƙo, na shinshina, miyar karkashi. Ni kuwa ban taɓa ɗaura abinci a kan keken nan ba. Na tsaya ina kallonsa kamar zai yi mini bayani, sannan na goge da ganye na tafi.

Sai mutane suka biyo baya. A wajen koyon waƙa a majami'a, wanda muke tsayawa tare ya matsa kusa da ni yana jan hanci, na zaci mura ce. Wata uwa 'yar zumunta ta tare ni a hanya ta ce tana yi mini addu'a, Shaiɗan ba ya barin mutum in ya ga alheri na zuwa. Na ce amin, na gode, na tafi ina tunanin wane Shaiɗan kuma. Ranar Lahadi na sa farar rigata na zauna ina jiran sanarwa. Aka yi ta baiko, aka yi ta sharar maƙabarta, aka yi ta akuyar da ta ɓata, aka ce a tashi a karɓi albarka. Na juya wajen mata na nemi idon Hellen, ta sunkuyar da kai.

Bayan sujada Fasto ya ja ni bayan majami'a. Ya yi ta kewaye-kewaye da ayoyi kafin ya fito fili. Wai mutane, ba ɗaya ba, ba biyu ba, suna ganin kekena da tsakar rana jingine a bangon gidan Mama Kasham mai burkutu a Bayan Loko. Dattawa za su zauna da ni Lahadi mai zuwa, kafin nan babu maganar sanarwa.

Dariya ce ta fara zo mini, sannan jini ya hau mini kai. Na ce masa ni ko ƙamshin burkutu ba na so, da tsakar rana ina cikin sito ina atishawar citta. Ya tambaya wa zai shaida. Oga yana Kachia, buhuna kuwa ba sa magana.

Kwana biyu na yi kamar mahaukaci. Na fara da tunanin akwai wani keken irin nawa, na je na tutsiye mai fenti, ya rantse ni kaɗai ya yi wa wannan rubutu, ya ƙara da cewa ai ba kowa ke son talla a kan keke ba. Na zargi wani malamin firamare da ya taɓa neman Hellen, aka ce an mai da shi Zonkwa tun bara. Har na fara tambayar kaina ko ina da wata cuta da ke sa mutum ya je wuri ya manta. Daga ƙarshe na faɗa wa Hussaini. Ban yi sallama ba, na ce masa ashe haya yake bayarwa da kekena yana cin kuɗi, mashaya suna yawo da sunan Ubangijina. A gaban mutane na faɗa, da ƙarfi. Hussaini ya ajiye famfo, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce tun da yake bai taɓa ba da hayar kekena ba, in na ga ba amana in ɗauke abina. Ya juya mini baya ya ci gaba da faci. Na san Hussaini ba ya ƙarya, wannan ya ƙara ɗaure mini kai.

Washegari na bar masa keken kamar kullum, ba mu gaisa ba. Da rana ta take na kulle sito, abin da ban taɓa yi ba, na lallaɓo gindin mangwaro. Kekena ba ya nan. A wurinsa an kifa wani tsohon koren keke, tayoyi a sama, kamar mai jiran gyara. Na san shi sarai, na sha wanke shi ranar Asabar.

"Ina kekena?"

Hussaini bai ɗago ba. "Babanka ya ɗauka."

"Babana ya rasu, ka sani."

"Surukinka mana, Baba Kumai." Sai a lokacin ya dube ni, da mamaki na gaske a fuskarsa. "Au, ba ka sani ba? To ni ina zan hana dattijo keken mijin 'yarsa? Tun yaushe ake neman izinin yaro a kan wannan?"

Ya ce kullum tsohon yakan zo da kwano ɗaure a ƙyalle, ya ce a duba masa birki, ya hau nawa ya dawo kafin la'asar. Birkin nan lafiyarsa ƙalau, amma dattijo ya ce a duba, sai a duba. Da na zo ina ihun haya, shi haya ya amsa mini, bai ga abin da ya haɗa haya da suruki ba. Gaskiyarsa ne kuma. A wajenmu wanda ya yi maka noman neman aure, jikinsa ma naka ne, balle kekensa. Da ni Baban ya tambaya, har goge masa sirdi zan yi.

Na kama hanyar Bayan Loko da ƙafa, kaina yana juyawa. Baba Kumai da burkutu? Mutumin da ya taɓa fasa tulun giya a bikin ɗan ƙanensa? Ina tafe ina shirya abin da zan faɗa masa, ina rushewa. Rabin zuciyata na murna an wanke ni, rabi na cewa wa zai wanke ni, uban yarinyar?

Daga nesa na hango rawayar rubutun nan. Ba ta ƙofar gaba aka jingine shi ba, inda mashaya ke zaune a kan benci da ƙorai. Ta lungu ne, kusa da wata ƙaramar ƙofar kwano da keke ba zai shiga ba. Duk mai yanke hanya zuwa tasha sai ya gan shi, amma ba zai ga wanda ya shiga ba. Na tura ƙofar ban ƙwanƙwasa ba.

Bayan gida ne, ga tukwanen giya, ga ƙanshin tsiron dawa. A bakin wani ɗaki wata tsohuwa tana zaune a kan tabarma, ramammiya, ta miƙe ƙafa ɗaya a cikin daro. Ƙafar ta kumbura, akwai gyambo a idon sawu. A gabanta Baba Kumai ne durƙushe, ya naɗe hannun riga, yana wanke gyambon da ruwan ɗumi da tsumma, a hankali, yana hura mata. Babu ƙwarya kusa da shi. Kwanon tuwo ne a gefe da miyar karkashi, irin kwanon gidansu Hellen mai fure.

Ya ɗago ya gan ni. Bai zabura ba, hannunsa ne kawai ya tsaya cikin ruwa. Ya ce, "Gershon, ka zo." Ni kuma, saboda ƙafata ta saba, sai na tsinci kaina na durƙusa ina gaishe shi.

Ya ci gaba da wankin yana magana, ba ya kallona. Ya ce wannan matarsa ce. Kafin ya karɓi baftisma mata biyu gare shi, aka ce sai ya zaɓi ɗaya. Ya riƙe ta fari, uwar su Hellen, ya sallami Kasham da akwatinta. Ba ta haihu ba, gidan ubanta kuma an raba gona ba ita, sai ta shigo gari ta kama dafa giya. Shekaru aru-aru suna haɗuwa a kasuwa kowa ya kau da kai. Bana ya ji ƙafarta na ruɓewa, 'yar ƙanwarta da ke riƙe da sana'ar ba ta da lokacinta. Ya kwana yana juyi, ya ga ba zai iya ba. Nasa keken ya ji wa tsoro, domin ba wanda bai san shi ba. Ya ɗauka na yaro ba mai kula.

Na yaro ba mai kula. Keken da ake karantawa daga tsallaken layin dogo. Na ce masa an tsayar da sanarwar aurena.

"Na sani," in ji shi. "Ina wurin."

Shi ke nan abin da ya ce. Na so in yi ihu, na so in shure daron nan, amma ba a yi wa suruki ihu, kuma tsohuwar tana kallona. Ta tambaye shi da yare ko wannan ne zai auri 'yarsu. 'Yarsu ta ce. Ya ce ni ne. Ta yi murmushi, ta ce na yi tsawo da yawa amma ba laifi, in riƙe yarinyar da kyau. Na ce to, Mama. Na fito na tsaya gaban kekena, na ɗora hannu a kai, sai na tuna da me tsohon zai koma. Na bar masa na dawo da ƙafa, ina zagin kaina har sito.

Sauran makon ban san me nake yi ba. Sau biyu na wuce wajen Hussaini sai da ya kira ni, domin na riga na ba shi haƙuri mun shirya. In na ce zan faɗa, sai in ga Hellen tana jin an tozarta ubanta a bakina, wace mace za ta shiga gidan wanda ya yi haka? In na ce zan yi shiru, horo ne, ba aure, kuma sunan mashayi ya bi ni. Na yi addu'a, ban ji komai ba. Hellen ta tare ni a bakin rijiyarsu ta ce in gaya mata gaskiya. Na ce ban sha ba. Ta ce to wa ke kai keken? Na ce ba zan iya faɗa ba. Ta ɗauki bokitinta ta shige, ko waiwaye.

Ranar Lahadi bayan sujada aka zauna a ɗakin dattawa. Fasto a tsakiya, dattawa a kan benci, ni a tsaye. Baba Kumai yana ƙarshen benci, hularsa a gwiwa. Dattijo Eli, tsohon hedimasta, shi ya riƙe tambaya, kuma ya iya. Ya ce keken nawa ne? Na ce nawa ne. Na taɓa shan burkutu? Na ce ban taɓa ba. Sai ya gyara tabarau.

"Ka taɓa shiga gidan matar nan, ko ba ka taɓa ba?"

Da makon jiya ya tambaye ni, da na dafa Littafi. Na dubi ƙasa na ce, "Na shiga."

Aka yi ajiyar zuciya a ɗakin. Ya ce me ya kai ni? Ya ce wa nake rufa wa asiri, ko kuwa ba giya ba ce, wata ce a gidan? Nan sunan ya zo mini har haƙora. Na ciji leɓe har na ji gishiri. Ban dubi ƙarshen benci ba, don na san in na duba kowa zai duba.

Suka yi ƙus-ƙus, Fasto ya yanke. Horo: ba Jibin Ubangiji, ba ƙungiyar mawaƙa, maganar aure kuma a ajiye sai an ga tuba. Ya yi maganar a hankali, da tausayi, wannan ya fi ƙona mini rai. Sannan ya juya ya ce ko uban yarinya yana da abin cewa kafin a rufe da addu'a.

Baba Kumai ya daɗe kafin ya miƙe, har na zaci bai ji ba. Da ya miƙe sai da ya dafa bango.

"Yaron nan bai yi komai ba," ya ce. "Ni nake hawan keken. Ni nake zuwa gidan."

Dattijo Eli ya ce, "Kumai, zauna, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani. Kasham matata ce, wasunku kun ci tuwon bikinmu. Kuka ce in sallame ta, na sallama, ban yi gardama ba. Yanzu ƙafarta tana ruɓewa, ba mai wanke mata. Ina wankewa, kuma gobe ma zan je. Laifina da na sani shi ne na bar yaro ya ɗauki kayana."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin majami'a, ya ajiye a gaban Fasto, ya sa hularsa ya fita. Ba wanda ya tsayar da shi. Fasto ya yi ta kallon makullin, daga baya ya ce mini da wata murya can ƙasa in tafi, an janye, za a yi sanarwa Lahadi. Na fito ban ji daɗi ko kaɗan ba. Kuka nake so in yi, kuma ban san wa zan ji haushi ba.

Hellen tana tsaye a jikin tagar ɗakin, ta waje, ta ji komai. Idonta ya yi ja amma ba ta kuka. Ubanta ya riga ya yi nisa a kan koren kekensa, shi kaɗai a titi. Ta ce ita ke zuba tuwon nan kullum, yana ce mata na wani maras lafiya ne, ba ta taɓa tambayar wane ne ba. Ta ce tun tana ƙarama take jin an taɓa yin wata mata a gidansu, ta zaci ta mutu. Sai na tambaye ta ko auren yana nan.

Ta je inda na jingine keken, ta tattara zaninta ta zauna a kan kariya.

"Kai ni in gan ta."

Na ce, "Hellen, yanzun nan aka wanke ni. Mutane ba su gama watsewa ba."

"Na gan su. Ai dole a gaya mata ranar biki, ko kana so ta ji a bakin mashaya? Hau mu tafi."

Na ɗaure ƙafar wando na hau. Muka ratsa 'yan zumuntar mata da ke tsaye a ƙofar majami'a, suka buɗe mana hanya. Muka tsallake layin dogo, ta riƙe rigata ta baya. Da muka isa lungun koren keken yana nan a bango, a fili, ko ɓoye shi bai yi ba. Na jingine nawa a gefensa, Hellen ta riga ni shiga.